Jibin Sista Magdalina

Farin ya fara ne a gefen harshe. Ɗan ɗigo, kamar kindirmo ya maƙale. Tukur ya sa asuwaki ya kankare shi. Ya fita, ya bar wurin ja, har da ɗan jini. Bai daɗe ba ya dawo, kuma ba shi kaɗai ya dawo ba.

Yanzu ya rufe harshen. Ya hau ganda, ya bi cikin kumatu, ya gangara can inda ido ba ya kaiwa.

Kowace safiya Tukur yakan zauna a bakin ɗakinsa da wani tsohon madubin mota da ya taho da shi daga Abijan. Ya juya wa rana fuska, ya buɗe baki, ya duba. Ba tsoro yake ji ba sosai. Mamaki ne ya fi yawa. Abin yana da tsari. Inda ya yi kauri ya yi kamar auduga. Inda yake sabo ya yi kamar an yayyafa gari. Jiya akwai wani ɗan fili ja kusa da turmin haƙori, yau babu shi. Kamar ciyawa a gonar da mai ita ya yi tafiya.

Shekara tara ya yi a Abijan yana tsire. Da harshensa yake haɗa yaji. Ya ɗanɗana ya ce citta ta yi yawa, ya ɗanɗana ya ce ƙuli-ƙulin nan na bara ne. Har daga wata unguwa ake zuwa tukubarsa. Yanzu in ya sa gishiri a baki, zafi kawai yake ji. In ya sa sukari, shi ma zafi.

Ya dawo gida Kurfi da farkon damina, shekara guda bayan an ba Katsina jiha. Ya dawo da akwati ɗaya da wando mai faɗuwa daga ƙugu. An ce shawara ce. An ce sammu ne na mutanen bakin teku. Bai musa wa kowa ba. A can, a wani asibiti, an ɗebi jininsa, likita ya yi dogon bayani da Faransanci, wani Bazabarme mai shara ya fassara masa abin da ya iya. Kalma ɗaya ta zauna: sida. Tana cikin jini, ba ta da magani. Bai faɗa wa kowa ba.

Abin da ya kasa ganewa shi ne wannan. In a jini take, me ya kawo ta baki?

Inna, mahaifiyarsa, ta ajiye masa koko a ƙwarya.

"Na huce maka shi. Babu tsamiya, babu yaji."

Ya kurɓa. Kokon ya tsaya a maƙogwaro kamar ya haɗiyi ƙaya. Ya runtse ido har ya wuce. Ya gwada na biyu. Ya ajiye ludayin.

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan, Inna."

"Jiya ma haka. Shekaranjiya haka. Mutum da iska zai rayu?" Ta duƙa ta leƙa bakinsa. "Ni dai wanga abu a bakin jinjiri na san shi. Kai ma ka yi shi kana goye. Amma ƙato da gemu?"

"Mi kika yi mani lokacin?"

"Na goge da tsumma. Ya tafi da kanshi."

Ya ɗauki madubin ya sake dubawa. Abin jarirai. Ya ƙara wa tambayarsa wata tambayar.

Washegari ya shiga motar Dutsin-Ma.

Asibitin ya cika. Kyanda ta shigo ƙauyukan Kuki da Karofi, mata sun yi layi har waje da yara a baya. Tukur ya jingina da bango har rana ta take. Wadda ta duba shi wata ma'aikaciyar jinya ce, gajera, kakkaura, da farar hula. Sista Magdalina ake ce mata. Daga kudancin Kaduna aka turo ta. Hausarta ta yi sauri, kuma muryarta ba ta hawa da sauka inda ta mutanen nan take yi.

"Buɗe. Ƙara. Ce aaa."

Ta danne harshen da ɗan katako, ta haska da tocila. Ta ɗan jima tana kallo. Sannan ta dube shi gaba ɗaya, daga wuya har gwiwa.

"Tun yaushe?"

"Ya kwan biyu."

"Kana cin abinci?"

"Ba ya wucewa."

"To. Jibi za a sa maka. Ka ji? Jibi. Safe da yamma."

"Jibi?"

"Jibi. Sannan ina so mu yi magana, domin..."

Wata mata ta ƙwalla ihu daga baranda, yaronta ya sanƙare. Sista ta ajiye tocila ta ruga. Tukur ya jira. Ba ta dawo ba. Wani ya zauna a bencin da ya tashi.

A mota ya yi ta juya maganar. Me ya sa sai jibi? Ko maganin yana hanya daga Katsina? Ko abin sai ya nuna kafin a taɓa shi, kamar maruru? Wannan ya fi kama hankalinsa. Watakila farin yana da lokacinsa.

Ya iske gida da guɗa. Ƙanwarsa Huseina, wadda ta zo goyon ciki, ta sauka. Namiji. Mata sun cika tsakar gida, ana dafa ruwan wanka, hayaƙi ko'ina. Inna ta tare shi a ƙofa.

"Mi suka ba ka?"

"Sun ce sai jibi."

"Jibi! Mutum bai ci ba, a ce mashi jibi. To ni na aika a kira Lado."

Lado ɗan kawunsa ne, taubashinsa, kuma wanzamin unguwar tun da ubansa ya tsufa. Ya iso da la'asar, zabira a kafaɗa, yana murmushi tun daga zaure.

"Ina bawan nawa? Ina Musye na Abijan? An ce ka je ka cinye naman mutane, Allah ya kama ka ta baki."

"Bawa ke gaida ubangidansa a tsaye?"

"Ji shi. Murya kamar ɗan akuya, amma bakin bai mutu ba. Buɗe in gani."

Ya tsuguna, ya kama haɓar Tukur, ya juya ta wajen haske. Murmushin ya ɗan ragu, sannan ya dawo.

"Kai! Ka yi furfura a ciki ka bar waje. Wannan beli ne."

"An cire mani beli ina jinjiri."

"Babana ya cire maka. Na san hannunsa, tausayi gare shi, rabi yake yankewa. Ga shi can shina reto a ƙarshen ganda, ya kumbura. Shi ke zubo da wanga farin. In na ɗauke shi, jinin banza ya fita, ka kurkure da ruwan kanwa, kafin magariba kana cin tuwo."

Kafin magariba. Daga madafa ƙanshin kunun kanwa na mai jego yana tasowa.

"Ka taɓa ganin irinsa a babba?"

"Beli? Kullum."

"Farin nake nufi."

Lado ya sosa ƙeya. "Sau ɗaya. Wani tsoho a Kutawa, mai ciwon suga. Amma shi ya ƙi a taɓa shi."

"Sun ce in koma jibi. Bari in ga abin da ke cikin jibin."

"To, Musye. Je ka ga jibinka. Ni dai ina nan, ƙarfena na nan. Ranar suna ma ni zan yi wa jaririn aski in cire mashi nashi. In ka shirya sai in haɗa ku, kawu da ɗa, kowa ya yi kukansa."

Kwanan da ke tsakani ya yi tsawo. Tukur ya sha ruwa, ya sha farau-farau kaɗan. Ya duba madubi har sau ba adadi, yana neman alamar nuna. Bai ga komai ba sai ƙarin fari a kusurwar leɓe.

Ranar da ta cika, ya koma Dutsin-Ma da sassafe. Layi ya ragu. Sista Magdalina ta gane shi tun daga nesa, ta yafito shi.

"Malam, ranar nan ka gudu. Buɗe mu gani." Ta duba, ta ɓata rai. "Ba ka sa jibin ba?"

"Ai shi na zo."

"Ka zo me?"

"Jibin. Yau ne."

"Yau ne me?"

"Sista, shekaranjiya kin ce jibi. Jiya gobe ke nan. Yau jibi."

Ta tsaya da ɗan katakon a hannu. Bakinta ya buɗe. Sai dariya ta ƙwace mata, ta dafa tebur, har hular ta karkace.

"Wayyo Allah! Priscilla, zo ki ji! Na ce ya sa jibi, ya je ya zauna yana jiran jibi!"

Wata doguwa ta leƙo daga ɗakin allura, ta ji, ta koma tana ƙyaƙyatawa.

Tukur bai yi dariya ba. Sista ta lura. Ta gyara hularta.

"Yi haƙuri, Malam. Laifina ne, ban gama magana ba. Jibi magani ne. Sunansa na Turanci dogo ne, aka yanke shi ya koma harafi biyu, mu kuma muka maida shi jibi. A kowane kemis akwai shi. Kai ba a ƙasar nan kake ba?"

"Na daɗe a waje."

Ta buɗe kabad ta ɗauko wata 'yar kwalba. Ruwan ciki ya yi duhu kamar tawada. Ta ɗiga kaɗan a kofi, ta ƙara ruwa, sai ya koma shuɗi mai ja-ja, irin na furen ƙaya. Ta sa safar roba, ta naɗa auduga a tsinke.

"Kada ka haɗiye. In ya taru, ka tofar a nan."

Ta bi harshen, ta bi ganda, ta bi kumatu. Ɗaci-ɗaci, sanyi-sanyi. Ya tofar. Ya share hawayen da suka zo da kansu.

"Sista, mene ne shi? Farin."

"Ka san hunhunar da ke fitowa a tuwon da ya kwana biyu? Danginsu ɗaya. Abu ne mai rai, shuka yake yi."

"Daga ina ya zo?"

"Bai zo ba. Yana nan tun da. Yana bakina, yana bakin Priscilla, yana bakin kowa. Kaɗan ne, ba a ganinsa. Jiki yana da masu gadi da ke hana shi yaɗuwa. Jariri nasa masu gadin ba su yi ƙarfi ba tukuna, shi ya sa yake yi."

"Babba fa?"

"Babba sai in wani abu ya kwantar da masu gadin." Ta ajiye tsinken. Ta rage murya. "Maganar da na so mu yi ke nan. Kana zawo? Zazzaɓi da ba ya tafiya? Wannan ramar ta yaushe ce?"

Tukur ya dubi ƙofa. Babu kowa kusa. Ga amsar tambayarsa ta taho, saura taki ɗaya, kuma shi ke riƙe da takin.

"A Abijan sun ɗebi jinina. Sun ce sida."

Ba ta ja da baya ba. Ya lura da wannan. Idonta ne kawai ya sauka kan safar hannunta, ya dawo.

"Ita ce rediyo ke kira ƙanjamau. An tara mu a Kaduna an yi mana bayani, an nuna mana hotuna. Ban taɓa ganin mai ita ido da ido ba."

"To ga shi kin gani."

"Na gani. Ita ba ta zo baki ba, Malam. Tana jini, tana kashe masu gadi. Farin kuwa ya ga gona babu mai ita."

Haka shi ma ya gani a madubi. Ya ji wani abu kamar daɗi, abin da bai dace da labarin ba.

"Jibin zai kashe shi?"

"Zai kore shi. Zai iya dawowa, sai ka sake korarsa. Waccan ba ni da maganinta. Wannan ina da shi. Ka yi ta sawa, ka kurkure da ruwan gishiri mai ɗumi. Kwana kaɗan za ka haɗiyi abinci."

"Wanzaminmu ya ce beli ne. Ya ce in ya yanke, kafin magariba in ci tuwo."

"Ya yanka ka?" Muryarta ta tashi.

"Tukuna."

"Kada ka yarda. Ba beli ba ne, ciwon kuma ba zai warke da wuri ba. Sannan ƙarfen. In ya shiga jininka, wa zai shiga bayanka? A ƙwarya ɗaya za ka ci da mutane, ba komai. Ka gaisa, ka yi salla a sahu, ba komai. Amma aska, da allura, da mace. Waɗannan ukun."

Ta ba shi sauran kwalbar. Ta ce in ta ƙare ya je kemis ya ce jibi.

"In suka ce in dawo jibi fa?"

Ta dube shi. Fuskarsa ba ta motsa ba. Sai da ya kai ƙofa ta gane wasa ne.

A tasha yara suka bi shi da kallo. Kwandasta ya ce, "Malam, marina ka faɗa?" A gida Inna ta yi salati ta riƙe baki.

"Wannan ai shuɗin asibiti ne da ake sa wa kaciya! Shi ne jibin? Da ka faɗa mani ai akwai shi nan maƙwabta, gidan Lauratu."

Ya sa da yamma. Ya sa da safe. Ya duba madubi. Yanzu ba a gane komai, duk ya zama shuɗi, har haƙora. Haɗiya kuwa tana nan yadda take. Ya sake sawa. Tofinsa ya ɓata gindin bango. Ranar da ta biyo baya ya tashi zai shiga bayi, jiri ya ɗebe shi, ya zauna a ƙasa. Inna ta gani daga madafa. Ta yafa mayafi ta fita.

Ana gobe suna Lado ya shigo da hantsi. Bai yi wasa a zaure ba. Ya shimfiɗa buzu a gaban Tukur, ya buɗe zabira, ya jera kayansa: aska, ƙaho, ɗan katakon danne harshe, da wani siririn ƙarfe mai lanƙwasa a baki.

"Gwaggo ta ce ka faɗi. Ya isa haka. An ba asibiti dama, sun rina ka kamar zane, ba su ba ka tuwo ba. Buɗe."

Inna tana tsaye a bayansa da kaskon toka da ruwan kanwa.

Tukur ya dubi ƙarfen. Hannu ɗaya, ƙiftawar ido. Ya san Sista ta ce ba beli ba ne. Amma Sista ta ci abinci da safe. Cikinsa ya ce watakila. Ya ɗauki ƙarfen ya juya shi a rana. Ya yi kyau, ya sha wasa. A cikin lanƙwasar akwai wani ɗan duhu da tsumma ba ya kaiwa.

"Guda nawa gare ka irin wannan?"

"Ɗaya. Na kakanmu ne. Maƙerin da ya yi shi ya mutu."

"Da shi za ka cire na jaririn gobe?"

"Da wane kuma?"

Daga ɗakin Huseina jaririn ya yi ɗan kuka, ya yi shiru. An ba shi nono.

Tukur ya mayar da ƙarfen kan buzu.

"Ba zan yi ba."

"Tsoro! Gwaggo, kin ga bawana? Ya yanka raguna dubu, ya ga ɗan ƙarfe ya yi fitsari."

"Tukur," in ji Inna, "don Allah. Don darajar nonon da ka sha."

Wannan ya fi ƙarfen kaifi. Ya sunkuyar da kai.

"Inna, jinina ba shi da kyau. A Abijan aka gaya mani, a Dutsin-Ma aka ƙara gaya mani. Abin da ya taɓa shi bai kamata ya taɓa yaron Huseina ba."

"Ai ina gogewa," in ji Lado.

"Na gani."

Lado ya ɗauki ƙarfen. Ya duba inda Tukur ya duba. Ya sa farce a lanƙwasar, ya kankara, ya dubi farcen. Ya dubi wuyan Tukur, da ƙasusuwan kafaɗarsa. Yana da rediyo a shagonsa, ya sha jin labarin ƙanjamau. Bai yi tambaya ba.

"Askin kai fa? Dubi sumarka, kamar mahaukacin kasuwa."

"Ka sayo mani reza tawa ni kaɗai."

"Bawa da aiken ubangida." Ya fara tattara kayansa. "Gwaggo, a dafa mani ruwa gobe da asuba. Ya tafasa sosai. Zan jefa su duka a ciki."

Inna ta ajiye kaskon. Ta shiga ɗaki ta daɗe. Da ta fito idonta ya yi ja. Ta ɗauki kwalbar jibin daga taga, ta naɗa auduga a tsinken tsintsiya.

"Buɗe. Kai ba ka kaiwa can ciki."

Ranar suna gida ya cika tun da safe. An yanka rago, an raɗa wa yaro Sa'idu. Tukur ya ji kukansa lokacin da Lado ya yi aikinsa, kuka mai ƙarfi, sannan guɗa. Bai fita zaure ba. Ya zauna a bakin ɗakinsa da madubi. Ya kurkure baki da ruwan gishiri, ya tofar, ya duba kafin ya sa sabon shuɗi.

A gefen harshe, inda abin ya fara, akwai fili. Ba fari, ba ja mai jini ba. Nama ne kawai, irin na kowa, da ɗan shuɗi a kai. Ya taɓa shi da yatsa. Ya daɗe yana kallo.

Da azahar Inna ta kawo masa romon kan rago a ƙaramin kwano, ta marmasa ɗan tuwo a ciki. Ta ajiye, ta tsaya.

Ya ɗiba a cokali. Ya hura. Ya kurɓa. Ya yi zafi a maƙogwaro, amma ya wuce. Ya sake. Ya wuce. Ya ɗebo da ɗan tuwon, ya riƙe shi a baki, ya juya shi zuwa gefen nan.

Lado ya leƙo da ƙashi a hannu, maiƙo har gemu.

"A'a! Musye na ci! Gwaggo, a rufe tukwane!"

Tukur bai kula shi ba. Ya haɗiye. Ya ɗan yamutsa fuska.

"Wa ya haɗa yajin nan?"

"Ni," in ji Inna. "Ɗan kaɗan na sa. Ya yi maka zafi?"

"Masoro ya yi yawa."

Inna ta zauna a ƙasa inda take tsaye. Ta ja bakin zane ta rufe fuska.

Ya cinye rabin kwanon. Ya huta. Bakin cokalin ya zama shuɗi. Ya ɗaga kwalbar jibin ya duba ta a rana, saura kaɗan a gindi.

"Lado, in za ka Dutsin-Ma ka biya kemis."

"Yaushe kake so?"

"Gobe. Ka ce masu jibi."

Ya ja kwanon ya ci gaba.